Jan Gicciye a Bangon Malam Ɗantani

Da Bara'atu ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar gidansu, kowa ya zuba wa bango ido. Ta waiwaya. Wani ƙaton jan gicciye ne, fentin ko bushewa bai yi ba, yana tsiyaya kamar an yanki bangon.

Robar ta suɓuce daga hannunta.

A unguwar New Bell ba wanda bai san ma'anar wannan alama ba. Haka aka yi wa gidan ƙanwar mahaifiyarta a unguwar Nylon: yau fenti, bayan wata guda katafila.

"Gida bakwai a layin nan," in ji Goggo Iyatu mai ƙosai, tana nuni da matsamin da ke hannunta. "Kuma da idona na ga mai shafawa bayan an fito asuba. Angon naki ne, 'yar nan. Ɗan unguwar Bali mai ƙamshin turare."

Bara'atu ta juyo ta dube ta. Sirajuddeen? Wata biyu ke nan da iyayensa suka kawo goron neman aurenta. A asibiti suka haɗu, ranar da ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, ya kwashe mahaifinta daga kan keke a hanyarsa ta kai kilishi unguwar Sodiko. Sirajuddeen ne ya tsayar da taksi, shi ya tallabo tsohon, jini har wuyan farar rigarsa ta ofis. Tun ranar ba ya da zance sai na hanyar keke da tashar bas. Ya rubuta takarda zuwa ofishin magajin gari, ya ce kowa ya sa suna da lambar katin ɗan ƙasa.

Unguwa ta ƙi. Mutanen da kakanninsu suka zo daga Kano da Yawuri ba sa miƙa lambar kati ga takardar da ba su san inda za ta kwana ba. Ita Bara'atu ce ta bi gida-gida, tana rantsuwa, tana cewa ta san zuciyarsa kamar tafin hannunta. Suna ɗari biyu da sha ɗaya ta tara masa.

"To ga shi kin ƙirga mana kanmu, kin kai musu," in ji Goggo Iyatu.

Mahaifinta, Malam Ɗantani, yana zaune a kan dakalinsa, ƙafar da ta karye a miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Kira shi. In sayar da mu ya yi, goronsa ba zai kwana a gidan nan ba."

Ta kira shi a waya. Kafin ya iso ta tuna abubuwa goma da ba ta taɓa ɗauka komai ba. Me ya sa kullum yake ɗaukar hoton layin? Wane ne mutumin nan mai hular kwano da ta gan su tare ranar Talata? Kalaman da yake rubuto mata, masu hana ta cin abinci don daɗi, shin ita ake nema ko ƙofar unguwa?

Sai ga shi a kan kekensa, yana murmushi, da ɗigon ja a hannun riga.

"Kun gani?" ya ce cikin murna. "Duk inda aka taɓa buge mai keke na sa alama. Jibi mutanen meri, ofishin magajin gari, za su zo, su gani da idonsu."

Murmushin ya fara narkewa.

"Yaya Siraj," in ji Bara'atu, "jan gicciye? A bangon mutane? A New Bell?"

Ya dubi bangon, ya dubi fuskoki, sai ya dafe kai. "Mon Dieu. Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Mu a Bali..."

"Ku a Bali katafila sallama take yi kafin ta shigo," in ji Goggo Iyatu. Wasu suka yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

Zuciyar Bara'atu ta so ta yarda nan take. Ai da ta bi ta zuciya da tuni ta yafe. Amma suna ɗari biyu da sha ɗaya suna tsaye a bayanta.

"Ba ni takardar," ta ce.

"Kin san abin da ke ciki."

"Shafin sunaye na sani. Ba ni sauran."

Ya ɗan yi jinkiri kafin ya buɗe jaka, kuma jinkirin nan ya fi jan fentin yi mata ciwo. Ta karanta Faransancin a hankali, tana fassara wa jama'a. Tashar bas a bakin kasuwa. Tudun rage gudu guda uku. A shafi na huɗu ta tsaya.

"Hanyar keke, faɗin mita ɗaya da rabi daga bakin kwalta." Ta ɗago. "Daga ina mita ɗaya da rabin zai fito?"

"Za a rufe kwata, a bi ta kanta."

"Kwatar nan ta kai haka?"

Ta shiga gida ta ɗauko tef ɗin awonta na ɗinki. Ta ba shi bakin tef ɗin, ta ce ya danne a gefen kwalta, ita ta ja. Tef ya tsallake kwata, ya wuce taku guda, ya hau dakali, ya ƙare daidai ƙarƙashin gwiwar Malam Ɗantani. Bango ya tsira. Dakalin da tsohon ya shekara talatin yana yanka kilishi a kansa bai tsira ba.

Malam Ɗantani ya dubi tef, ya dubi saurayin.

"Ka san da wannan?"

Bara'atu ta runtse ido. A ranta tana cewa, ya ce a'a mana, ya ce bai auna ba, wa zai kama shi?

"Na sani, Baba," in ji Sirajuddeen, kansa a ƙasa. "Mun auna da injiniya ranar Talata. Dakali huɗu zai ci, har da naka. Gida ko ɗaya ba zai taɓa ba. Na ji tsoro in na faɗa ka hana ni Bara'atu, sai na ce bari a amince tukuna."

Hawaye suka zubo mata, ita kanta ba ta san na haushi ne ko na sauƙi ba.

Tsohon ya daɗe yana shafa ƙafarsa.

"Na ga awonku ranar Talata ta tagar zaure," ya ce. "Jira nake in ji bakin da za ka faɗa da shi. Dakali nawa ne, in ya kama, ni zan fasa da hannuna. Na sauran ukun kuwa, ka je ka durƙusa ka gaya musu yau, in sun ƙi a cire layin nan daga takarda. Kafin azahar kuma kada in ga ja a bangon kowa."

"Goron fa, Malam?" in ji Goggo Iyatu.

"Yana nan. Tukuna."

Sirajuddeen ya miƙa hannu zai karɓi takardar. Bara'atu ta ja da baya, ta rungume ta a ƙirji.

"Saura shafi shida ban karanta ba," ta ce. "Je ka nemo farin fenti."