Muryar Nathaniel a Shagon Sadisu

Ranar kasuwa Gloria ta shigo shagon Sadisu, inda yake tura wa mutane waƙoƙi a waya kusa da tashar Birnin Gwari. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan memorin waya. A ciki akwai muryar marigayi mijinta Nathaniel, wanda ya ja ragamar mawaƙan cocinsu a Gwaska har ranar da 'yan bindiga suka rutsa da shi a gona. Wayarsa ta fashe wajen gudu, wannan kaɗai ya tsira.

Sadisu ya sa a kwamfuta ya kunna. Murya ta fito siririya, tana sauri kamar an biyo ta.

"Ba shi ba ne," in ji ta.

"Mama, ga sunansa a jiki."

"Mutumin da in ya buɗe baki har benci yake rawa? Ba ni abina, ɗana."

Ya roƙe ta ta ɗan zauna. Ya shiga bincike, can ya gano matsalar.

"Na'ura ba ta ɗaukar murya a dunƙule, Mama. Gutsurarta take yi, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Wannan an ɗauke ta a kan dubu arba'in da huɗu da ɗari ɗaya, tawa kuma tana tsaye a kan dubu arba'in da takwas, don aikin talla. Shi ya sa take jan ta da gudu."

Gloria ba ta gane lissafin ba. Ta dai gane cewa mijinta na ciki.

Sadisu ya shiga saitin sauti, ya sauya shi, yadda duk waƙar da aka kunna na'urar za ta bi ma'aunin da aka ɗauke ta da shi. Ya sake dannawa.

Sai ga muryar, mai kauri, tana tafiya a natse. Gloria ta dafe tebur. Wani da ya shigo da wayarsa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Saurara," ta ce a hankali. "Nan yake manta baiti. Yanzu zai yi tari don kada a gane."

Nathaniel ya yi tari. Ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta goge da gefen mayafi.

"Akwai wasu waƙoƙin a ciki, Mama."

Ta gyara zama. "Sa ta gaba."