Kwalbar Da Na Mayar Firiza

Ni na kashe aikin Yaya Rattiya, kuma har yau ba ta sani ba.

Shekara huɗu ta yi a ɗakin bincikenmu da ke birnin Khon Kaen tana dafa silikin da mahaifiyarta ke aiko mata daga ƙauye, tana mayar da shi wani abu mai yauƙi kamar kamu. A ciki take zuba sinadarin da ke sa jijiyoyin jini su tsiro, silikin ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan a kan gyambon masu ciwon suga. A ƙwan kaji muke gwadawa: a buɗe 'yar taga a ɓawo, a ɗora, a jira jijiyoyi su taso. Farfesa ya ce wannan ne gwaji na ƙarshe, in bai yi ba a rufe aikin.

Sinadarin nan ba ya son zafi ko kaɗan. Ana jibi bikin watsa ruwa na sabuwar shekararmu, na ciro kwalbar daga firiza zan auna mata, sai aka ce a sauko a zuba wa Farfesa ruwa a hannu don neman albarka. Wa zai ce a jira shi? Na sauka, aka jiƙa ni sharkaf, aka kawo som tam, kwaɗon ɗanyen gwanda, na manta shaf. Bayan awa huɗu na tarar da kwalbar a bakin taga, rana ta gasa ta. Maimakon in faɗa, sai na mayar da ita firiza na yi shiru. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Ƙwai sittin, ko ɗaya bai nuna komai ba.

Ranar da take kwashe kayanta na ji tana waya: "Mama, ki daina aiko silikin. A'a, ba laifinki ba ne, ni ce ban iya ba."

Ta juyo ta gan ni tsaye kamar gunki.

"Anuchit, wannan fuska fa? Sai ka ce kai aka kora."

"Yaya, akwai maganar da..."

"Bar ta, kada ka sa ni kuka." Ta buɗe firiza, ta ciro kwalbar, ta saka mini a hannu. "Rabi ya saura. Ka yi naka gwajin da shi, lafiyarsa ƙalau. Ai kai ka riƙa kula mini da shi."

Na karɓa da hannu biyu, har da godiya.