Facin Ƙafar Matar Mai Faci

Babur ya kwashe wa matar Mai Faci naman ƙwauri har ƙashi ya leƙo. A asibiti likita ya yanko fata daga bayan ƙafar, bai raba ta da jijiyarta ba, ya juyo ta ya rufe ramin. Ya kuma zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunta, aka tace, aka yi allurarsa a gefen fatar don sababbin hanyoyin jini su tsiro. In fatar ta kama, ƙafa ta tsira. In ta mutu, sai wani zancen.

"Ashe likita abokin sana'ata ne," in ji Mai Faci. 'Yan ɗakin suka yi dariya.

Amma da ya duba bandejin sai ransa ya ɓaci. Sako-sako, yatsa ma na shiga. Shi kuwa tun yana yaro ya san facin da ba a matse ba, ba ya kamawa. Nas na fita ya zaro igiyar robar taya daga aljihu.

"Maigida, sun ce kar a taɓa."

"Sun ce! Wa ya kai ni sanin faci a ɗakin nan? Wannan ko iska ba zai riƙe ba."

Ya naɗe tamau, ya ja mata bargo.

Da la'asar nas ta buɗe, ta saki salati. Fatar ta yi duhu kamar hanta. Likita ya zo da sauri ya datse robar, ya ɗaga ta da yatsu biyu.

"Wa ya yi wannan?"

Mai Faci ya cusa hannayensa a hamata.

"Ni ce, likita," in ji matar. "Ƙaiƙayi ya dame ni."

Matar da ko tashi zaune ba ta iyawa. Likita ya dube ta, ya dubi mijin.

"Baba, taya ba ta da jini. Wannan da jini take rayuwa." Ya danna fatar a hankali. "Gefe ya mutu, za mu yanke. Tsakiya da sauran rai. Sai mun sake zuƙo ɓargo, Mama, a ɗaya ƙugun. Kin san zafinsa."

"Na sani."

Aka turo gadon ɗauka. Mai Faci ya bi su har ƙofar tiyata. Ya so ta zage shi a gaban kowa.

Ta juyo kai ta ce, "Ka ci abinci kuwa yau?"

Aka rufe ƙofa.