Mangwaro da Daddawa

Zazzaɓin da ya kwantar da Murja a farkon sanyi ya tafi, amma ya tafi da hancinta da harshenta. Ta miƙe garau, tana shara tana wanki, sai dai shayi ya koma ruwan zafi kawai, tuwo kamar auduga, turaren mijinta kuma ko ta kai hanci bakin kwalbar ba ta jin komai.

Tun da ta biyo mijinta Harun zuwa Alƙahira, inda yake karatun digiri na uku, girki ne ya sa aka san ta a unguwar Hayyin Ashir. Ɗaliban Arewa da kewar gida ta dame su sukan hau benensu don tuwon shinkafa da miyar kuka. Ba ta taɓa auna gishiri ba. Takan ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, shi ke nan. Yanzu tana lasa, babu amsa. Ranar da wani ɗalibi ya kai loma, ya bi ta da ruwa mai yawa, sannan ya ce cikin ladabi, "Allah ya saka da alheri, Anti," sai ta shige ɗaki ta yi kuka. Daga ranar ta daina karɓar girki.

Likita ya ce ta riƙa shinshina lemon tsami da kanumfari safe da yamma. Ya ce da yawa yakan dawo musu. Bai ce kowa ba, kuma Murja ta lura da hakan.

Abin da ya fi cin ranta shi ne daddawa. Mahaifiyarta, Inna, ta aiko da ita daga Malumfashi ta hannun wani ɗalibi, wadda ta yi da hannunta. Murja ta buɗe ƙullin ta tura hanci, ba ta ji komai ba, sai ta rufe a gwangwani ta ce ba za ta taɓa ba sai ta warke. Ba ta gaya wa Inna ciwon ba, don tsohuwar ba ta barci idan ta ji abu ya sami 'yarta a nesa. Duk Juma'a a waya Inna takan tambaya, "Ya kika ji daddawar?" Ita kuma takan ce, "Da daɗi, Inna, kamar kullum."

A ƙasan benen akwai wani ɗan shagon ruwan 'ya'yan itace na Awadiyya, Bahaushiyar Sudan wadda yaƙi ya koro Masar. Khala ake kiranta, wato goggo, dattijuwa ce mai faɗi da ƙarar murya, Hausarta irin ta kakanni, a cakuɗe da Larabci. Abin da aka fi saye a wurinta shi ne wanda Misirawa ke kira koktel: mangwaro da ayaba da gwaiba da madara a kofi ɗaya, babu abin maye ko ɗigo.

Da ta ji abin da likita ya ce, sai ta yi tsaki.

"Kanumfari? 'Yata, harshen nan barci yake yi, ke kuma kina yi masa raɗa. Mai barci mai nauyi jijjiga shi ake yi. Gobe bayan la'asar ki sauko."

"Me za ki ba ni, Khala?"

"Idan na faɗa miki, ai idonki ne zai sha, ba bakinki ba."

Haka suka kafa al'ada. Murja takan zauna a kan kujerar roba tana fuskantar titi, Awadiyya ta juya mata baya ta kunna injin markaɗe. Kowace rana koktel ɗaya, a ɓoye a cikinsa abu ɗaya da ba shi da hurumin shiga ruwan 'ya'yan itace. Murja ta shanye, sannan ta faɗi ko mene ne.

Ranar farko gwaiba ce.

"Me kika ji?"

"Sanyi."

"Ruwan turshi ne, na tulun da nake jiƙa albasa da barkono a gishiri. Ma'alish, ba komai. Gobe."

Aka yi ayaba da tafarnuwa. Aka yi zoɓo da busasshen kifi da aka daka. Aka yi ruwan rake da mish, wani tsohon cuku da ko Misirawa da yawa ke kauce wa warinsa. Murja takan shanye tas kamar ruwan randa, ta ajiye kofi. Dole Awadiyya ta ware jug na musamman, bayan wani mai tuƙa tuk-tuk, a-daidaita-sahun garin, ya dawo da lemonsa yana rantsuwa cewa kifi ya mutu a ciki.

"Kin kusa kore min kwastomomi," in ji ta, tana wanke jug ɗin da omo. "Jiya na ɗanɗana naki kaɗan, na yi istigfari har magariba. Ke kuwa kin shanye kina kallon motoci."

Murja ta yi dariya, amma da ta hau sama dariyar ba ta biyo ta ba. Kowane kofi da ta shanye lafiya shaida ce cewa babu abin da ya canja.

Ana cikin haka ƙawarta Rukayya ta haihu, ta aiko cewa ba wanda zai yi girkin suna sai Murja. Murja ta ce a ba ta zuwa jibi ta ba da amsa, alhali ta san amsar. Ta ce wa Harun ta gaji, ba za ta ƙara sauka shagon ba.

"Ki je na yau kaɗai," ya ce, idonsa a kan littafi. "Khala ta riga ta shirya."

"Malam, ta yaya ka san ta shirya?"

"Na wuce ta wajen ne," ya ce, ya juya shafi.

Ta sauka ba don tana sa rai ba, sai don kada ta watsa wa dattijuwa ƙasa a ido. Mangwaro ne ranar, mai kauri, launinsa ya ɗan yi duhu. Awadiyya ta dire kofin.

"Yalla, bismillah."

Kurɓin farko, sanyi kamar kullum. Na biyu ma haka. A na uku sai wani abu ya taso daga can bayan maƙogwaronta ya hau hanci, a hankali, kamar hayaƙin da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ba ta san lokacin da ta miƙe ta furzar da shi a bakin kwata ba.

"Wa'iyazubillahi! Khala, wane irin mugun abu ne wannan? Daddawa a mangwaro? Kuma ma ƙonanniya, duk ƙauri!"

Ta goge baki da gefen hijabi, tana yamutsa fuska. Sai ta ga Awadiyya ta tsaya cak da soso a hannu, tana kallon ta.

"Maimaita," in ji dattijuwar.

"Na ce daddawa ce mai ƙau..."

Ta dubi kofin. Ta ɗauka, ta kai hanci. Yana nan. Can nesa, siriri, amma yana nan: warin kalwa da ta kwana a rufe, da ƙaurin gindin tukunya a bayansa.

Awadiyya ta saki guɗa irin ta Sudan, har mai tuk-tuk ɗin nan ya taka birki ya leƙo.

"Khalas! Ya farka! Na gaya miki ba raɗa yake so ba!"

"A ina kika sami daddawa?"

"Tambayi malaminki. Da safe ya kawo min a takarda, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza."

Murja ta koma kan kujera. Tana dariya, hawaye na zuba, ta sake kurɓar abin, ta sake yamutsa fuska. Zaƙin mangwaron bai zo ba tukuna, ko alamarsa. Amma munin kam ya zo da kyau, kuma ba ta taɓa jin daɗin mugun abu irin haka ba.

Ba ta jira Juma'a ba. Tana hawa sama ta wuce Harun, wanda ya ɗaga littafi ya rufe fuska, ta kira Malumfashi.

"Inna, daddawar nan taki ta yi ƙauri."

Inna ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Kalwar ce ta kama min a tukunya, na aiko don babu wata. Tun lokacin nake jiran mitarki. Ke da ba a ɓoye miki gishiri ƙwaya ɗaya, ki ce min da daɗi? Na ce yarinyar nan ba ta da lafiya, ta ƙi faɗa ne kawai."

"Na yi zazzaɓi, Inna, ya tafi min da ɗanɗano. Yau ya fara dawowa."

"To Allah ya ƙarasa. Kada ki ƙara ɓoye min."

Da ta ajiye waya ta aika wa Rukayya cewa za ta yi girkin, da sharaɗin Khala Awadiyya ta tsaya kusa da tukunya tana duba gishiri. Sannan ta leƙa ta taga.

"Khala! Gobe ma zan sauko!"

"Tamam," Awadiyya ta amsa daga ƙasa. "Amma gobe mangwaro zalla. Jug ɗina ya sha wuya."