Turmin Ajuma a Hannun Hukuma

A garinmu, can tsakanin Dumega da Tibiri, an gina shaton ruwa, wato tankin ruwa mai tsayi, an shafa masa farin fenti, an yi bikin buɗe shi da jawabai. Abu ɗaya aka manta, shi ne ruwan. Mata suka ci gaba da zuwa rijiya kamar kakanninsu, sai dai yanzu suna da inuwar da za su huta a hanya.

Ajuma mai fura ce ta ƙaga waƙar a bakin turmi: "Shato fari tas, ciki ba ɗigo. Mera ya yi ƙiba, tulu ya rame." Kafin ranar kasuwa ta zagayo, har 'yan kabu-kabu suna rera ta.

Mera Ja'afaru, magajin garinmu, mutum ne mai son zaman lafiya, musamman nasa. Ya sa aka yi shela cewa an hana waƙar. Matan garin masu biyayya ne, suka rufe bakinsu ruf. Sai dai da hantsi, in Ajuma da maƙwabciyarta Sahura suka hau lugude, taɓarya ta faɗa, tafi ya biyo, sai ka ji waƙar nan tsaf ba tare da kowa ya furta kalma ba. Gida gida aka ɗauka. Mera na zaune a ofis, unguwa huɗu na daka shi.

Ya tura masu gadin ofishinsa suka ɗauke turmin Ajuma da taɓaryarta, shi da kansa ya raka su ofishin jandarma, wato birgad. Ba turmi, ba fura, ba abin da za ta ɗora a wuta. Ta yafa gyale ta nufi birgad ɗin jandarma, mata na biye da ita.

Kwamandan, wani dogon mutum mai suna Nasiruddeen, baƙo ne a garin. Ya dubi turmin da aka girke gaban teburinsa, ya dubi Mera.

"Ranka ya daɗe, wane laifi wannan ya yi?"

"Zagina shi kai!"

Kwamanda ya juya ga Ajuma. "Inna, kin zagi Mera?"

"Ni? Ɗana, tun da anka yi shela ko tari ban yi ba. Gero ni ka daka."

"Ƙarya ta kai!" in ji Mera. "Dakan nata magana ne. Kowa ya san abin da shi ka cewa."

"Ni ban sani ba," in ji kwamanda, ya gyara takarda. "Kuma ba na rubuta abin da ban ji ba. Me yake cewa?"

Mera ya yi gyaran murya ya karanto baitin a bushe, kamar mai karanta sanarwar rasuwa.

Sahura ta ce daga bakin ƙofa, "A'a, Alhaji, ba haka ta ke ba. Wagga ai ba ta hau dakan ba."

Mera mutum ne da ba ya son a ce bai iya abu ba. Ya rera ta sosai, da karinta, yana buga tebur a inda taɓarya ke faɗawa. Muryarsa kuwa ba laifi. Matan suka amsa masa da guɗa, wani jandarma ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Kwamanda ya ajiye biro. "Ranka ya daɗe, mutum ɗaya na ji ya yi waƙar nan, kuma ba zan kama shi ba, don tsarin mulki ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Ya ba Inna ma. Ban ga inda ya ba mera ikon tsare turmi ba. Wanda ya kawo shi ya mayar."

Haka turmin ya koma gida a bayan motar Mera, Ajuma na zaune gaba kusa da direba, ta zuge gilashi tana gaisawa da mutane. Da aka sauke shi ta zagaya shi tana dubawa, ta ƙwanƙwasa gindinsa.

"Ba su bugai ba dai ko?" in ji Sahura.

"Lahiya lau shi ke. Kawo geron, rana ta yi."