Wanda Zai Buɗe Gangara

Tun ranar da aka sassauta dokar kulle Puseletso ba ta ƙara samun sukuni ba. Kowa a garinsu Butha-Buthe, can ƙasar duwatsu a kudancin Afirka, murna yake yi, ita kuwa fargaba take yi, don ta san abin da zai biyo baya. Watan Yuli ne, sanyi ya kankama, dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, ga 'yan ƙungiyarsu ta wasan zamiya a kan ƙanƙara annoba ta cinye musu sanyin bara ɗungurungum. An sa ranar Asabar za a hau dutse. Mahaifinta Mosito, wanda kowa ke kira Ntate, wato Baba, tuni ya fito da takalman zamiyarsa yana ta goge su a bakin ƙofa, sai ka ce ango.

Shi ya kafa ƙungiyar. Ya dawo daga ramukan zinariya na Afirka ta Kudu da huhun da ƙura ta ci rabinsa, ya sami aikin gyaran igiyar da ke jan masu wasa zuwa saman gangara, ya koyi zamiya da furfurarsa, sannan ya tara 'yan gari ya koya musu da tsofaffin kayan da baƙi suka bari. Yanzu ya haura saba'in. Likita ya faɗa wa Puseletso a gabansa, ba kwana-kwana, cewa in korona ta shiga wannan ƙirjin sai dai a nemi kafinta ya haɗa akwatin gawa. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ita ba ta ga abin dariya ba, don shi kaɗai ya rage mata.

Ran jajibirin tafiya ta ajiye masa tuwon masara da ganye, ta zauna gefe.

"Ntate, bana ka huta mana. Dutse ba guduwa zai yi ba."

"Dutse ba zai gudu ba, ni ne mai gudun. Kin taɓa ganin tsoho ya yi alkawari da baɗi?"

"Ka ji dai abin da likita ya ce."

"Wannan yaron da ko gemu bai ajiye ba? Dutsen ƙarƙashin ƙasa bai danne ni ba, sai mura?"

"Mutanen da muka yi ta binnewa bana, duk mura ce ta kai su?"

Ya gutsuri tuwo yana mulmulawa. Can ya ce, "In ban je ba wa zai buɗe musu?"

Wannan ita ce matsalar. A ƙungiyar, ranar farko ta kowane sanyi, babu mai kama igiya sai babban kowa ya hau shi kaɗai, ya sauko, ya ɗaga sandarsa sama. Shi ake kira buɗe gangara. Wata shekara wani saurayi mai rawar kai ya riga tsoho sauka, aka kwaso shi da karayar cinya, tun daga nan ko mai digiri ba ya wasa da abin.

"Yaushe za mu tashi?" in ji shi.

"Sai rana ta fito sosai," ta ce, idonta a kan kwano. Ƙarya ta yi. Da asuba aka shirya.

A gaskiya ƙungiyar ta yi tsari mai kyau, kuma ita da kanta ta tsara shi. A-kori-kurar Kananelo mai aski za a shiga, kowa a baya cikin iska, kowa da takunkuminsa, kowa da gorar kununsa, babu ɗanɗana mini in ɗanɗana maka. Gaban mota an bar wa tsoho, shi da direba kawai, gilashi a sauke. Da ta tsaya ta yi tunani da ta ga haɗarin bai taka kara ya karya ba. Amma tsoro ba ya lissafi, kuma Puseletso mace ce da in ta ƙulla abu a ranta, ko ita kanta ba ta iya kwancewa.

Gari bai gama wayewa ba ta sulale. Ta kwashe takalmansa da katakon zamiyarsa ta tafi da su, wai don ko ya farka ya rasa abin da zai bi su da shi.

"Ina tsoho?" Kananelo ya tambaya yana hura wa hannayensa iska.

"Ba ya jin daɗin jikinsa."

Mpolokeng, malamar makaranta, wadda ke bin tsoho a shekaru har ake ce mata 'M'e, wato Mama, ta dubi takalman da ke hannun Puseletso, ta dube ta, ta hau mota.

Motar ta yi ta nishi a kwanonin hanyar dutsen Moteng, sanyi na yankar kunne. Da ana rera waƙa a wannan hanya, yau takunkumi ya toshe bakin kowa. A ƙofar wurin wasa mai gadi ya auna zafin goshinsu ɗaya bayan ɗaya. Wurin fayau, baƙi 'yan tsiraru, igiya na ta juyawa ba kowa a jikinta. Suka sa kaya, suka jeru a gindin gangara, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Daga nan babu wanda ya ƙara motsi.

"To, a fara mana," in ji Puseletso.

"Ausi 'yar'uwata, ni ƙafafuna biyu ne kacal, kuma duk ina son su," in ji Kananelo. "A tsaye nake aski."

"'M'e Mpolokeng, ke ce babba a nan."

"A nan dai. Babba yana raye, 'yata. In ya aiko da baki ya ce in tsaya masa, yanzu sai in hau. Ya aiko?"

Ƙarya ta uku ta ƙi fitowa. Puseletso ta ji haushi ya turnuƙe ta. Ga malama, ga ma'aikacin banki, ga ɗalibin jami'a, duk sun sha sanyi tun asuba sun zo sun tsaya suna kallon ƙanƙara kamar tumaki a bakin rafi.

"Camfi zai kashe ku," ta ce. Ta tura katakonta har gaban igiya, ta miƙa hannu ta kama. Igiyar ta ɗan fizge ta, sai ta saki. Ta sake kamawa, ta sake saki. Ashe ita ma da wannan nonon aka shayar da ita. Ta koma layi kunya ta ishe ta, kuma ko Kananelo bai yi mata tsiya ba.

Haka suka tsaya har rana ta ɗaga. Wasu suka zauna kan benci suna kurɓar kunu ta ƙarƙashin takunkumi. Ana cikin shawarar a koma gida sai wata motar haya mai zuwa garin Mokhotlong ta tsaya a bakin titi. Tagoginta duk a rufe, sun yi gumi daga ciki har ba a ganin fuskar kowa. Aka ja ƙofa, mutane suka yi ta zubowa don a ba wani hanya, Puseletso na kallo tana mamakin inda aka cusa su. Can wani bargo mai ruwan toka ya fito, da sanda a hannu.

'Yan ƙungiya suka ɗauki sowa. Ita kuwa idonta na kan gumin tagogin motar.

Mahaifinta ya tako a hankali, yana tsayawa yana shan iska, takunkuminsa a haɓa. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Puseletso, takalmana."

"Ntate, a me ka zo?"

"A jirgin sama. Ba ki ga ya sauka ba?"

Ta ɗauko. Ya sa, ya gyara ƙaton fil ɗin da ke riƙe bargonsa a kafaɗa, ya kama igiya. Suka bi shi da ido har ya zama ɗan ɗigo a saman gangara. Sannan ya sauko, ba gaggawa, yana karkata hagu da dama, bakin bargo na kaɗawa a bayansa. Babu wanda ya iya zamiya da natsuwa irin tasa, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ya tsaya a gabansu, ya ɗaga sanda sama. Mpolokeng ta rangaɗa guɗa. Puseletso ta yi kuka a cikin takunkumi, tana alfahari da shi, tana kuma jin kamar ta rufe shi da duka.

Maimakon su ruga igiya, sai suka yanyame shi a kan benci, tazara ta bi ruwa. Wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya riƙe masa sanda. Shi kuwa yana haki, amma baki ya ƙi mutuwa.

"Kun ga motar nan? 'Yan ramin zinariya ne zalla, jiya suka ƙetaro iyaka. Direba ya loda mu kamar buhunan masara, ya ce duk wanda ya buɗe taga zai sauke shi."

"Ai da ka ce masa kai ne mai dutsen," in ji Kananelo.

"Rufe mini baki, wanzami. Na kusa da ni wani bawan Allah ne, ko bargo babu. Kun taɓa ganin Mosotho, ɗan ƙasar nan, zai hau Moteng ba bargo? Jikinsa zafi rau kamar murhu, amma haƙoransa na haɗuwa, ga tari ba ƙaƙƙautawa. Abokansa suka ce ciwo ne ya shiga masaukinsu, aka sallamo su gida. Sai na buɗe bargona na jawo shi ciki. Kansa a kafaɗata muka hau dutsen nan kaf, har barci ya yi."

Babu wanda ya yi dariya.

"Ntate," in ji Mpolokeng a hankali, "cikin bargo ɗaya?"

"To in bar shi ya daskare? A ƙarƙashin ƙasa, in ɗan'uwanka ya faɗi ba ka tambayar abin da ya kayar da shi. Ɗauka kake yi."

Hannun da ke kafaɗarsa ya janye. Mai riƙe da sanda ya jingine ta a benci, ya shiga goge tafinsa da ƙanƙara. Kananelo ya ja takunkumi har gindin ido, ya ce bari ya duba tayar baya, tun a hanya yake jin ba daidai take ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ja da baya, ba da gudu ba, da ladabi, kowa na kallon ƙasa. Mutanen da suka sha sanyin safiya guda ba su iya zamiya ba sai da shi, yanzu sun yi masa da'ira mai faɗi. Ba mugunta ba ce, kowa yana da nasa tsohon a gida.

Puseletso ta durƙusa a gabansa ta kama maɗaurin takalmi. Yatsunta sun sandare, ƙarfen ya ƙi buɗuwa. Da ta bar shi ya shigo motarsu, da yanzu iska kawai ya shaƙa a hanya. Ita ta sa shi a waccan motar, da hannunta, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa.

"Ni na jawo, Ntate," ta ce.

Tsohon ya ɗaga kai. Ya dubi Kananelo can wajen mota, ya dubi Mpolokeng, ya dubi filin da aka bari tsakaninsa da mutanensa. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya lalubo takunkumin da ke haɓarsa ya ja shi sama, ya rufe hanci da baki da kyau, abin da ta shekara tana roƙonsa bai taɓa yi ba. Sannan ya kawar da kansa gefe.

"Matsa can, 'yata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zan cire da kaina. Kar ki shaƙi numfashina."

Ba ta matsa ba. Maɗaurin ya buɗe, ta zare takalmin, ta jawo ɗaya ƙafar ta ɗora a kan cinyarta.