Bakan da Aka Rataye a Falo

Malam Bappayo mai yin baka bai ƙarasa amsa gaisuwa ba idonsa ya sauka kan abin da Alhaji Sha'aban yake warwarewa daga cikin tsohon zane. Ya ajiye kyauron da yake fiƙewa, ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

"Bakan Maigida ne," ya ce. "Ga ɗaurin fatar da na yi masa da hannuna."

Alhaji Sha'aban ya zauna a bakin rumfar, a can ƙarshen layin maƙera na kasuwar Azare. Shekararsa hamsin da takwas, bara ya bar aikin sakatariya, kuma bai taɓa jan baka ba, ko da yake mahaifinsa Maigida maharbi ne da duk Katagum ta sani. Kunyar sana'ar ya ji tun yana makaranta, ya guje ta. Da tsohon ya rasu, shekara ashirin da biyu ke nan, sai ya kawo bakan Azare ya rataye a falo, yana shafa masa mai duk Juma'a. Makon jiya mahaifiyarsa, Inna Hadijatu, wadda ciwo ya kwantar kuma ganinta ya yi rauni, ta ture kwanon abinci ta ce zabon daji take marmari, wanda bakan mijinta ya kayar. Ya yi mata alkawari.

"Kibau nake so, Baba, masu kyau. Da dafi idan akwai."

"Dafi? Zabo za ka harba ko zaki? Wanda bai taɓa samun ko buhu da kibiya ba, in aka ba shi dafi, ƙafarsa zai fara samu."

Tsohon ya yi dariya, amma da ya taɓa tsirkiyar da yatsa sai dariyar ta tsaya. Ya sake taɓawa, ya kasa kunne.

"Alhaji, yaushe rabon da a kwance masa tsirkiya?"

"A kwance? Ai ban taɓa bari ta yi sako-sako ba. Da ta tsinke ma sabuwa na sa aka ɗaura."

Malam Bappayo ya miƙe tsaye. Ya taka gindin bakan, ya zare tsirkiyar, ya kwantar da shi a tabarma. Itacen bai motsa ba, yana nan a tanƙware yadda yake a bango.

"Baka mai rai, in ka sake shi, miƙewa yake yi ya huta. Wannan an bar shi a ɗaure har ya mutu."

Nan take Alhaji Sha'aban ya ga mahaifinsa a ƙofar gida, ya dawo daga daji, kafin ya sha ruwa sai ya taka bakan ya sake shi. Yakan ce, "Sha'aban, zo ka gani." Shi kuwa sai ya ƙara kusanto da littafi fuskarsa.

"Babu gyara, Baba?"

"A jiƙa, a gasa, zai miƙe ga ido. Amma ba zai kai kibiya wancan zauren ba."

Alhaji Sha'aban ya tashi ya nufi bakunan da ke jingine, ya ɗauki mafi kauri. Tsohon ya karɓe, ya ba shi wani siriri wanda bai wuce na samari ba.

"Ja, har kunne. Ka riƙe in ƙirga goma."

A bakwai hannunsa ya fara rawa.

"Ka gani? Kafaɗar biro ce da kai. Da wannan za ka fara." Ya auna masa kyauro daga ƙirji zuwa kan yatsa, ya zaɓi kibau shida marasa kunne ya zuba a kwari. "Ka riƙa harbin buhun ƙaiƙayi daga taku ashirin, safe da yamma. Bayan kwana arba'in ka zo mu yi zancen daji."

"Inna ba lallai ta kai kwana arba'in ba."

"To, sai ka fara yau."

Alhaji Sha'aban ya ce a hankali, "Ba ta gani sosai. In na kawo zabo, ba za ta san bakan da ya kayar ba."

"Wannan tsakaninka da ita ne. Ni baka nake yi."

Bayan azahar ya kama hanyar Katagum, wajen Inna. Duk tafiyar yana shirya maganar da zai faɗa, ya bar sabon bakan a mota, ya shiga da tsohon. Inna Hadijatu ta miƙo hannu ta laluba shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a wajen ɗaurin fata. Maganar da ya shirya ta ƙi fita.

"Inna, na kashe shi. Ban san ana kwance shi ba."

"Na sani," ta ce. "Tun zuwana gidanka na fari na gan shi a bango."

"Kika yi shiru?"

"Mai shi ya kira ka ya fi sau nawa? Na ce ranar da ka kai shi gaban masu sana'ar, su za su gaya maka, kuma za ka ji." Ta yi tari, ta huta. "Bappayo bai ba ka wani ba?"

"Ya ba ni. Na yara ne."

"Ɗauko."

Ya fita ya dawo da shi. Ta taɓa tsirkiyar, ta ji ta a ɗaure tam.

"Tun daga Azare? Kwance shi, Sha'aban."

Ya juya bakan a hannunsa, ya rasa ta inda zai fara.

"Taka gindin da ƙafar hagu," ta ce. "Matso kusa in ji hannunka."